Gidan tarihin kurkukun Texas a Huntsville: taurari huɗu na ba shi, amma ku haɗa da Austin

Duk wanda ke zaune a Houston, ko ya zo wa 'yan uwa ziyara aka gaji da yawo da shi kanti-kanti da wajen NASA, to ga wani waje da zan ce a gwada, Texas Prison Museum da ke garin Huntsville, gidan tarihin kurkukun jihar kenan. Taurari huɗu na ba shi cikin biyar. Kuɗin shiga daloli ne kaɗan, wajen ba wani girma gare shi ba, amma abun da ke ciki yana da nauyi sosai, ba irin wajen da ake zuwa ɗaukan hoto ana dariya bane.

Hanya ba wuya, ka hau babban titin I-45 ka miƙe arewa kamar mai zuwa Dallas, awa ɗaya da 'yan mintuna in dai goslon Houston bai riƙe ka ba. Alamar ka kusa ita ce wani ƙaton gunkin Sam Houston fari fat a bakin titi, tsayinsa ƙafa 67, ko barci kake a mota sai an tashe ka ka gani. Gidan tarihin yana can gaba a arewacin gari, ginin jan bulo da hasumiyar gadi irin ta gidan yari. An fara buɗe shi a 1989, wannan ginin na yanzu kuma a 2002 aka koma cikinsa.

Shi kansa Huntsville gari ne da gidan yari ke ci da shi. Hedikwatar hukumar gidajen yarin jihar, TDCJ, a nan take, kuma gidajen yari bakwai ne a garin da kewayensa, ka tsaya shan mai sai ka ga gandurobobi da kakinsu ruwan toka suna sayen kofi, fursunoni kuwa fararen kaya suke sawa. Lambar motar Texas da muke yawo da ita ma fursunonin gidan yarin Wynne ne ke buga ta a nan garin, kuma yawancin fursunonin jihar ko sisi ba a biyan su kan aikin da suke yi.

Abu na farko da ɗan Najeriya zai gyara a kansa kafin ya shiga shi ne nan kurkukun na jiha ne. Mu mun saba gidan yari na tarayya ne, Kurmawa yana Kano amma Abuja ke da shi, sai a 2023 aka gyara tsarin mulki aka ce jiha ma za ta iya yin nata. A Texas kuwa jihar ce ke ginawa, ita ke ɗaukan gandurobobi, ita ke ciyarwa, ita ke kashewa in kotu ta ce a kashe, gidaje wajen ɗari da fursunoni sama da dubu ɗari da ashirin, gwamnatin tarayya tana da nata daban ba a haɗawa.

In ka shiga akwai ɗan gajeren bidiyo da ake nunawa, dan Allah kar ka tsallake shi, daga nan sai ka bi tarihi tun daga 1849 lokacin da gidan yarin Huntsville ya karɓi fursunonin farko. Shi ne ake ce wa Walls saboda dogayen katangunsa na jan bulo, kuma yana nan tsakiyar gari har yanzu yana aiki. Sashen da ya fi tsaya min a rai a wannan farkon shi ne na hayar fursunoni. Bayan yaƙin basasar Amurka an 'yanta bayi, masu gonakin rake da auduga da masu shimfiɗa titin jirgin ƙasa suka rasa hannu, jihar kuma ba kuɗi, sai aka koma ba su hayar fursunoni, akasarin waɗanda aka tura gonakin raken nan baƙaƙen fata ne, aikin gwale-gwale sosai, mutum ya mutu a kawo wani tunda ba sayen sa aka yi ba balle a ji asara. Sai wajen 1912 abun ya ƙare. Kuma kar ka ɗauka labarin ya yi nisa da mu, Sugar Land ɗin nan da 'yan uwanmu ke sayen gidaje, a 2018 ana haƙa ginin makaranta aka tono ƙasusuwan mutum 95 na wancan zamanin.

Sai kayan da aka kama hannun fursunoni, wannan shi ne inda kowa ke daɗewa, wuƙaƙe iri-iri da aka wasa daga duk ƙarfen da hannu ya kai, da dabarun ɓoye kaya da in ka gani sai ka ce ina ma wannan basirar a waje aka yi amfani da ita. Akwai ɗakin fursuna da aka kwaikwaya, za ka iya shiga ka tsaya, gado sama da ƙasa, masai a gefen kai, ka buɗe hannuwa kusan ka taɓa bango da bango. Ka tsaya ciki minti ɗaya ka tuna zafin watan Yuli na Texas, sannan ka tuna yawancin gidajen yarin jihar ba su da cikakken iyakwandishan a ɗakunan kwana, maganar da aka daɗe ana shari'a a kanta.

Akwai sashen gasar hawan bijimai ta fursunoni da aka yi daga 1931 zuwa 1986, kamar dai hawan ƙahon mahauta a wajenmu sai dai su a gadon baya suke hawa, duk Lahadin watan Oktoba jama'a su cika fili a jikin katangar Walls su biya kuɗi su kalli fursuna yana kokawa da sa. An daina ne da filin ya tsufa aka ƙi kashe kuɗin gyara.

Labarin 1974 kuwa kamar almara. Wani babban dillalin ƙwaya Fred Carrasco da abokansa biyu aka shigo musu da bindigogi, suka tsare mutane a ɗakin karatun Walls kwana goma sha ɗaya, suka sa aka ƙera musu hulunan ƙarfe, a ƙarshe suka haɗa garkuwa da allunan aji da manyan littafan shari'a suka shige ciki da mutanen da suka yi garkuwa da su wai za su kai ga mota, aka buɗe wuta, mata biyu cikin waɗanda aka tsare suka rasu, shi ma Carrasco da abokinsa ɗaya suka mutu, na ukun aka zartar masa da kisa a 1991. Kayan wannan ta'asa suna nan a gilas.

To sai Old Sparky, kujerar lantarkin. Ita kowa ke zuwa gani, kujerar katako ce kawai da maɗauran fata, fursunoni ne ma suka ƙera ta. Kafin 1923 kowace ƙaramar hukuma ita ke rataye nata, sai majalisar jiha ta ce a dawo da komai Huntsville a koma lantarki, shugaban gidan yarin na lokacin ya ajiye aiki ya ce shi ba zai ja makunnin ba, wani ya karɓa, daren 8 ga Fabrairu 1924 aka kashe mutum biyar a jere. Daga nan zuwa 1964 mutum 361 suka mutu a kanta. Kotun ƙolin Amurka ta tsayar da hukuncin kisa a 1972 ta dawo da shi a 1976, Texas kuma ita ce jihar farko da ta kashe da allura, Disamba 1982, daga lokacin zuwa yanzu sun haura 590, ba jihar da ta ko kama ƙafarta. Maza masu jiran kisa suna gidan yarin Polunsky a Livingston, mata suna Gatesville, amma ranar kisa Walls ake kawo kowa, bayan ƙarfe shida na yamma. Wannan al'adar ta a tambayi mutum abincin da yake so na ƙarshe ma an soke ta a 2011, bayan wani ya yi odar abinci tuli ya ƙi taɓawa, Sanata John Whitmire ya fusata ya rubuta wa hukumar, shi ne daga baya ya zama magajin garin Houston. Abun da na yaba a wannan sashen shi ne ba a yi ado ba, ba a kuma yi wa'azi ba, akwai hotunan iyalan waɗanda aka kashe da na iyalan waɗanda suka kashe, kowa da hawayensa, sai kai ka yanke wa kanka. Tsofaffin ma'aikatan gidan yari suna da hannu sosai a wajen, Jim Willett da ya tsaya kan kisa 89 yana shugaban Walls ya daɗe yana riƙe da gidan tarihin, saboda haka labarin daga bakin masu kaki yake fitowa, ka riƙe wannan a ranka kana karantawa.

Yanzu ga inda tauraro ɗayan ya tafi, kuma ba laifin kowa bane. A gaban kujerar nan wani ɗan uwanmu da muka je tare ya ce, kai amma gwamnonin jihar nan ba su da imani, kullum sa hannu. To ai nan gizo ke saƙa, gwamnan Texas ba ya sa hannu a takardar kisa kwata-kwata, alƙalin kotun da ta yanke hukunci shi ke sa rana. Kuma gwamna ba zai iya yin afuwa ko sassauci don ganin damarsa ba sai hukumar afuwa da ɗaurin talala ta ba shi shawarar haka, abun da ke hannunsa shi kaɗai jinkiri ne na kwana talatin, sau ɗaya tak. Mu da muka saba gwamna ya je gidan yari ranar sallah ya biya tara ya saki mutum hamsin, takardun kisa kuma su shekara a teburinsa ya ƙi taɓawa, wannan sai ya zo mana a juye. Dalilin da ya sa haka ba a cikin katanga yake ba, yana Austin, babban birnin jihar, shi ya sa na ce a haɗa tafiyar.

Ginin majalisar Austin shiga kyauta ne, masu zagayawa da baƙi ma kyauta, kuma sun iya bakinsu. An gama shi a 1888 da jan dutse, an biya 'yan kwangila da fili eka miliyan uku maimakon kuɗi, ya ɗara na Washington tsayi kuma sai sun faɗa maka ko ba ka tambaya ba, kuma fursunoni na cikin waɗanda suka fasa dutsen. A ƙarƙashin ƙubbar an jera hotunan gwamnoni hawa-hawa, duk wanda ya sauka a sa nasa a ƙasa a gusa na sauran gaba, to nan ne za ka ga fuskokin.

Ka fara da Sam Houston mai gunkin nan. Ya yi gwamnan Tennessee, ya yi shugaban ƙasar Texas sau biyu lokacin tana ƙasa mai kanta, ya zama gwamna a 1859, da jihar ta ɓalle daga Amurka a 1861 aka ce ya yi rantsuwar biyayya ga 'yan kudu ya ce a'a, aka tuɓe shi, ya koma Huntsville ya rasu a 1863, kabarinsa yana can. Sai Edmund Davis, wanda ya yi mulki daga 1870 bayan yaƙi, yana da 'yan sandan jiha a hannunsa yana naɗa wanda yake so, fararen kudu suka tsane shi kamar me, da ya sha kaye ya ƙi fita ya nemi shugaban Amurka Grant ya turo soja, Grant ya ƙi, dole ya tattara a Janairun 1874. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1876, wanda ake aiki da shi har yau, da haushin Davis suka rubuta, suka ce ba za a sake yin gwamna mai ƙarfi haka ba. Sai suka yanka ikon gunduwa-gunduwa, mataimakin gwamna zaɓensa daban kuma shi ke jan majalisar dattawa, antoni janar zaɓensa ake yi, mai kula da baitulmali zaɓe, kwamishinan filaye zaɓe, daga baya aka ƙara na noma, duk gwamna ba zai iya korar ko ɗaya ba, sakataren jiha ne kawai yake naɗawa a cikin manyan. Wa'adi ma shekara biyu aka mayar, sai daga zaɓen 1974 ya koma huɗu. Ka yi tunanin mataimakin gwamnan da ba ya jiran gwamna ya ba shi kuɗin man mota, har wasu na cewa ya fi gwamnan ƙarfi in majalisa na zama, ita kuma majalisar kwana 140 take zama duk bayan shekara biyu.

Maganar afuwa kuwa gidan Ferguson ne suka ja. Gwamna James Ferguson ya yi rigima da Jami'ar Texas har ya hana ta kasafinta, aka tono masa maganar kuɗi, majalisa ta tsige shi a 1917 ta kuma haramta masa riƙe muƙamin jiha. Mutumin bai haƙura ba, sai ya tsayar da matarsa Miriam, ana ce musu Ma da Pa, suna kamfe suna cewa gwamna biyu a kuɗin ɗaya, ta ci ta hau a Janairun 1925, mace ta farko a jihar, ta sake dawowa 1933 zuwa 1935. A zamaninta afuwa ta zama ruwan dare, kusan ɗari a wata, ana ta raɗe-raɗin sai an ga Pa an gaisa da shi kafin takarda ta fito, ba a taɓa tabbatarwa a kotu ba amma jama'a sun ƙoshi, 1936 aka gyara tsarin mulki aka ɗaure hannun gwamna da hukuma. A zangonta na biyu ne kuma riƙaƙƙun 'yan fashin nan Clyde Barrow da Bonnie Parker suka kai hari gonar kurkukun Eastham a Janairun 1934 suka kuɓutar da mutanensu aka kashe gandiroba, shugaban gidajen yari ya nemi izininta ya ɗauko tsohon jami'in tsaro Frank Hamer ya bi sawunsu, watan Mayu aka yi musu kwanton ɓauna a Louisiana. Abun dariyar, yau akwai gidan yari mai sunan Jim Ferguson. Su Texas haka suke karrama tsohon gwamna, Allred, Connally, Briscoe, Clements, Price Daniel, Preston Smith, kowa da kurkukunsa. Na Connally, wanda aka harba yana mota ɗaya da Kennedy a 1963, daga cikinsa fursunoni bakwai suka tsere a Disamba 2000.

Babban canjin da aka yi wa gidajen yarin ma ba gwamna ne ya kawo shi ba. Wani fursuna David Ruiz ne ya rubuta ƙara da hannunsa a 1972, kan cunkoso da rashin magani da tsarin da ake ba wasu fursunoni iko su daki 'yan uwansu a madadin gandurobobi, alƙalin tarayya William Wayne Justice ya yanke a 1980 cewa tsarin gaba ɗaya ya saɓa tsarin mulkin Amurka, kotu ta sa wa jihar ido har 2002. Amsar da jihar ta bayar ita ce gini, musamman zamanin Ann Richards daga 1991 zuwa 1995, cikin 'yan shekaru gadajen suka ninka fiye da biyu, ƙananan garuruwa har rububin a kawo musu gidan yari suke saboda aikin yi. Sai a 2011 aka fara rufe ɗaya, na Sugar Land.

Amma fa ni wannan maganar ta wai gwamnan Texas ba shi da ƙarfi, rabi na yarda da ita. A takarda haka ne. To amma wa ke naɗa mutum bakwai ɗin hukumar afuwa? Gwamna. Wa ke naɗa mutum tara da ke saman hukumar gidajen yari? Gwamna. Wa'adinsu shekara shida ne a jere-jere don kada gwamna ɗaya ya cika kujerun, wannan dabarar ta yi aiki lokacin da gwamna ke shekara biyu ko huɗu ya tafi, amma jihar ba ta da iyakar zango, Rick Perry ya hau Disamba 2000 bai sauka ba sai Janairun 2015, ai ba kujerar da ba shi ya sa mutum ba, Greg Abbott kuma tun 2015 yake nan. Zamanin George Bush ƙarami an kashe 152 cikin ƙasa da shekara shida, har da wata mata Karla Faye Tucker a 1998 da duniya ta yi ta roƙo, na Perry 279. In an matsa musu sai su ce hukuma ce, hannunmu a ɗaure yake, alhali a 2023 Abbott ya fito fili ya ce yana jiran hukumar ta kawo masa takardar wani soja da aka kama da laifin kisa a Austin zai sa hannu, 2024 ta kawo, ya sa. Saboda haka ɗan uwan nan namu bai yi gaskiya ba, bai kuma yi ƙarya duka ba.

Shawarar tafiya: kar a haɗa biyun rana ɗaya, Huntsville zuwa Austin kusan awa uku ne, ku ware wa kowanne ranarsa, kuma ni zan ce a fara da Huntsville don a je Austin da tambayoyi a baki. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa gidan tarihin sai in kai mai karanta komai ne. Daga nan ka shiga gari ka wuce ta gaban Walls ka ga katangar, ba a shiga, kuma kar ka tsaya kana ɗaga waya a gaban masu gadi. Maƙabartar Joe Byrd ma tana kusa, inda ake binne fursunonin da ba wanda ya zo karɓan gawarsu, tsofaffin kaburburan wasu lamba ce kawai ba suna, in kana da ƙarfin zuciya ka leƙa. Akwai ɗan shagon tsaraba a gidan tarihin mai sayar da kayan da fursunoni suka yi da hannu, aikin fatar yana da kyau gaskiya, wanda ya san jima zai yaba ɗinkin. Yara ƙanana ban ba da shawara ba, amma samarin nan namu 'yan sha biyar zuwa sama da aka haifa a nan suke ganin 'yan sanda wasa ne, ku sa su a mota ku kai su. Abinci ku yi guzurinku daga Houston da dardumar sallah, kuma ku duba ranakun buɗewa a shafinsu na intanet kafin ku kama hanya.